Ina shan ƙwayar tazara amma ciki ya shiga, maigida ya ce da gangan na yi

Wata ƙanwata ce ta turo min wannan saƙon cikin dare, ta ce in ɓoye sunanta da garinsu, na kuma ɓoye. Ga abinda ta ce a taƙaice:

"Anti barka da dare, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. Yarana biyu, ƙaramin watansa 9. A haihuwarsa jini ya ɓalle min har sai da aka ƙara min leda biyu, likita ya ce in huta shekara biyu kafin wani cikin. Muka yi shawara da Abban yara, bayan arba'in na koma asibiti nas ta ba ni ƙwaya irin ta masu shayarwa. Ina sha wlh, wani lokacin da daddare wani lokacin sai da safe in na manta, sai lokacin da yaron ya yi zazzaɓi aka kwantar da mu kwana huɗu ne ban sha ba. Ni tunda na haihu ban ga al'ada ba. Kwatsam na fara kasala da tashin zuciya, aka gwada aka ce ciki ne, sikanin ya nuna sati 11. Yanzu maigida ya daina min magana sosai, wai da gangan na daina sha. Surukata ta ce in yaye yaron tun nonon bai kashe shi ba. Wata ƙawata kuma ta ce akwai abinda zan sha ya sauka. Anti wai dama maganin nan ƙarya ne? Ko jabu aka ba ni?"

Toh ƙanwata, da farko sannu. Sannu da jiki, sannu da ɗawainiyar yaro, sannu kuma da wannan nauyin da kika ɗauka ke kaɗai kina kuka a ɗaki babu mai cewa ya kike. Na karanta saƙonki sau uku, kuma abinda ya fi tsaya min a rai ba cikin ba ne, maganar ledar jinin nan biyu ce, dan haka zan dawo kanta. Amma bari in fara da tambayar da ta hana ki barci.

Maganin ba ƙarya ba ne, ke ma kuma ba maƙaryaciya ba ce. Abinda ba a cika faɗa mana ba a ɗakin tazarar haihuwa, saboda layi ya yi tsawo nas ɗaya ce mata sun kai hamsin, shine duk duniya babu hanyar hana ɗaukar ciki da take aiki ɗari bisa ɗari. Babu. Ko juya mahaifa da ake yi da tiyata, cikin mata 1000 ana samun kamar 5 da ciki yake shiga a shekarar farko. Kuma kowace hanya lissafinta biyu ne, akwai lissafin wadda ta bi ƙa'ida daidai babu kuskure ko na rana ɗaya, akwai kuma lissafin yadda mu mutane muke yi a zahiri, da mantuwa da tafiya biki da rashin lafiyar yara da ƙarewar magani ranar da babu kuɗin mota. Ƙwaya in an sha ta kan ƙa'ida, cikin mata 100 ko ɗaya ba ta cika ɗaukar ciki a shekara ba. Amma a yadda ake shanta a gidaje, kusan 7 cikin 100 suna ɗauka. Kinga bakwai ɗin nan ba mayaudara ba ne, mata ne irinki masu goyo da girki da wanki, ke dai kin faɗo cikinsu ne.

Yanzu bari in nuna miki inda nake ganin ƙofar ta buɗe, daga bayanin da ke da kanki kika yi, ba dan in ɗora miki laifi ba sai dan ki samu abin faɗa in an tambaye ki. Ƙwayar masu shayarwa ba irin ɗaya ba ce da waccan da sauran mata suke sha. Sinadari ɗaya ne a cikinta, an yi ta haka ne dan kar ta taɓa ruwan nono, amma tana da tsananin son lokaci. Irin wadda aka fi bayarwa a asibitocinmu, in kika wuce lokacin da kika saba sha da awa 3 to an lissafa kin yi fashi, sai kin sha nan take sannan ku yi amfani da kwaroron roba ko ku haƙura da juna na kwana 2. Wadda ta saba sha ƙarfe tara na dare, ta manta sai bakwai na safe, ta wuce awa ukun nan nesa ba kusa ba. Ga kuma kwana huɗun asibiti. Wace uwa ce ɗanta yana kwance da ƙarin ruwa a hannu za ta tuna da wata ƙwaya da ta bari a cikin durowa? Ni dai ban ga laifinki a nan ba ko kaɗan.

Abu na biyu kuma, wanda shi ne mata da yawa ba su sani ba. A watannin farko kariya biyu gare ki, ga ƙwaya ga shayarwa, shi yasa ko kin yi latti ba abinda ya faru. Shayarwa tana hana ciki da gaske amma da sharaɗi uku kuma sai sun haɗu duka: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana babu kunu babu madara, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ukun nan sun cika, kamar mata 2 ne cikin 100 suke ɗauka. Ranar da ɗaya ya faɗi to kariyar ta fara zubewa. Ki lissafa da kanki, yaronki wata 9, ciki sati 11, wato ya shiga ne daidai lokacin da ya wuce wata shida ya fara shan kunu ya rage tsotso. Kuma rashin ganin al'ada ba hujja ba ne, domin ƙwan mace yana fita ne kamar sati biyu kafin jini ya zo, in ya haɗu da maniyyi a fitarsa ta farko shikenan, jinin ma ba za ki gan shi ba sai dai ki ji kasala. Wannan shi ne kwanikar da iyayenmu suke faɗa tun da can, ba yau aka fara ba.

Maganar jabu, eh akwai jabun magunguna a kasuwa, babu mai musun wannan, shi yasa kullum nake cewa a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar kuma a ajiye magani a inda rana take duka ko kusa da murhu. Amma ke a asibiti aka ba ki, kuma bayaninki ya riga ya nuna inda matsalar take, dan haka kar ki wahalar da zuciyarki da wannan zargin. Abinda zan ƙara saboda masu karatu, akwai abubuwan da suke karya ƙarfin ƙwaya ko da mace ba ta taɓa fashi ba. In kika yi amai cikin awa biyu da sha, kamar ba ki sha ba ne. Gudawa mai tsanani ma haka. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin yana rage mata ƙarfi sosai, haka wasu magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, kuma waɗannan har ashanar hannu, wato maganin tazarar da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, suna taɓawa. Duk wadda take shan magani na dogon lokaci ta faɗa wa nas kafin a zaɓa mata hanya, kar ta ji kunya.

Sai maganar ƙawarki. Ƙanwata dan girman Allah kar ki sha komai. Kar ki sha jiƙo, kar ki sha haɗin kanwa, kar ki karɓi wata ƙwaya a kemis a ɓoye. Ke da jini ya taɓa ɓalle miki a gaban likitoci har sai da aka nemo leda biyu, in ya ɓalle miki a banɗaki ƙarfe biyun dare wa zai nemo miki? Yara biyu kike da su suna buƙatarki. In kuma tsoron lafiyarki ne yake sa ki wannan tunanin, to wannan magana ce ta likita, ki je ki zauna ki faɗa masa tsoronki baki da baki ya duba ki. Na san kuma akwai wani tsoron da ba ki rubuta ba amma kusan duk wadda ta shiga halinki tana yinsa, wai ko ƙwayar da kika ci gaba da sha kafin ki gane ta illata abinda ke cikin. Ki kwantar da hankalinki, binciken da aka yi bai nuna tana jawo nakasa ga jariri ba. Ki daina sha kawai tunda an tabbatar.

Abinda nake so ki yi satin nan, ba wata mai zuwa ba, ki je ki yanki katin awo. Mu nan an saba sai ciki ya fito ya yi wata biyar shida ake zuwa, ke naki ba irin wannan ba ne. Ki faɗa musu abu uku da bakinki ko ba su tambaya ba, cewa kin zubar da jini a haihuwar baya har an ƙara miki, cewa tazarar ba ta kai shekara ba, kuma kina shayarwa. Su gwada yawan jininki, su ba ki maganin ƙarin jini da folic acid ki riƙa sha kullum, in ciki ya shiga wata na huɗu akwai maganin kariya daga maleriya da ake bayarwa a wurin awo, ki kwana cikin gidan sauro. Dalilin da yasa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki shi ne jiki bai gama mayar da abinda ya rasa ba, ciki kusa da kusa yana ƙara haɗarin ƙarancin jini da haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi. Haɗari ne ya ƙaru, ba hukunci aka yanke miki ba, mata da yawa sun yi kwanika sun sauka lafiya, amma waɗanda aka sa wa ido sun fi sauka lafiya. Kuma wannan haihuwar a asibiti za ki yi ta, asibitin da yake da wurin ajiyar jini, tun ciki yana wata bakwai a san wa zai ba da jini in an buƙata, a tanadi kuɗin mota a san direban da za a kira. Wadda jini ya taɓa ɓalle mata tana cikin waɗanda aka fi sa ran zai iya sake ɓallewa. Ban yarda da haihuwar gida a kanki ba ko da naƙudar ta zo da sauƙi. In kuma kafin nan kika ga jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko jiri kamar za ki faɗi, a tafi asibiti a lokacin, kar a jira gari ya waye.

Hajiya surukarki kuma, ki bi ta a hankali, tsoro ne yake sa ta faɗin haka kuma tsoron yana da tushe. Sun ga yaran da aka yi wa ƙani da wuri sun rame sun kumbura gashi ya yi ja, sai aka ce nonon mai ciki ne ya zama guba. Amma nonon ba ya lalacewa. Abinda yake kama yaran nan yunwa ce, an cire su daga nono rana ɗaya an kai su gidan kaka an bar su da kunu tsararo. Sunan da likitoci suke kiran ciwon da shi ma, kwashiyoko, daga yaren Ga na ƙasar Gana ya fito, ma'anarsa ciwon da yaro yake yi in an haifi na bayansa. To yaye yaro ɗan wata 9 farat ɗaya, yaron da bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, shi ne abin tsoro. In cikinki lafiya lau yake za ki iya ci gaba da ba shi, sai fa in likita ya ga dalilin hanawa kamar zubar jini ko alamar naƙuda kafin lokaci, shi yasa na ce ki faɗa musu. Ki sani dai ruwan zai iya raguwa wajen wata na huɗu zuwa biyar, wani yaron ma da kansa yake saki, dan haka tun yanzu ki ƙarfafa masa abinci, kunun gyaɗa mai kauri, ƙwai, wake da aka dafa ya yi laushi, kifi, ɗan zogale a miya, ayaba, gwanda. Ke ma ki ci, mutum uku kike ciyarwa yanzu. In da hali ki tafi da Hajiya awo rana ɗaya ta ji daga bakin nas, ta fi karɓa daga can akan daga bakinki, kin san yadda abin yake.

Yanzu Abban yara. Raina ya sosu da abinda ya ce, ba zan ɓoye miki ba, domin mace ta kusa rasa ranta a haihuwa sannan a ce ta koma da gangan, maganar tana da ciwo. Amma da na sake tunani sai na ga mutumin da ya tsaya a bakin ɗakin haihuwa yana neman jini, wataƙila tsoro ne ya fito masa ta hanyar fushi, maza da yawa ba su iya cewa na tsorata ba sai dai su ɗaure fuska, ga kuma halin da ake ciki na tsadar rayuwa. Wannan bai wanke shi ba. Ki samu lokacin da ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, ki faɗa masa gaskiya yadda kika faɗa min har da kwana huɗun asibiti, kar ki ɓoye, ki ce masa ke ma ba ki so haka ba kuma ke ce kike ɗauke da haɗarin a jikinki. In ya ƙi saurara ki miƙa masa wayar ya karanta wannan.

Malam, da kai nake yanzu, da girmamawa. Matarka ba ta yaudare ka ba. Tazarar da kuka shirya ku biyu kuka shirya ta, amma ita kaɗai aka bar wa aikin tunawa kullum a kan lokaci tana fama da goyo, a kwanakin da kuka dawo daga asibiti da an yi amfani da kwaroron roba na kwana biyu wataƙila da ba a kai nan ba, wannan kuwa ɓangarenka ne, kuma na san kai ma babu wanda ya faɗa maka. Ko a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa wani ya yi azalun amma cikin ya shiga, ya dawo ya faɗa, ba a ce wani ya ci amanar wani ba. Abinda take buƙata daga gare ka yanzu ka raka ta awo, ka sayo abinci mai gina jiki, ka shirya maganar jini. Shirun nan da kake yi yana ƙara mata ciwo.

Sai abinda za ku yi bayan Allah ya sauke ki lafiya, kuma ina so ku yanke shawarar tun kafin haihuwa, kar a bari sai an yi arba'in ana ta jan ƙafa. Ni a ganina ƙwaya ba taki ba ce. Ba dan ba ta da kyau ba, rayuwarki ce ba ta ba ki damar kallon agogo. In kika duba alƙaluman za ki ga duk hanyar da ta dogara da tunawar mutum ita ce take yawan ba da matsala. Masu azalu kusan 20 cikin 100 suna ɗauka a shekara, masu lissafin kwanaki kusan 15. Kwaroron roba kamar 13. Ƙwaya 7. Allurar wata uku kamar 4, su ma yawanci saboda an wuce ranar komawa ne. Wadda ba ta yin komai kuwa kusan 85 cikin 100. Amma ashanar da ake sawa a damtse, kamar mace 1 ce cikin 1000, robar mahaifa ma ba ta kai 1 cikin 100 ba, saboda da zarar an sa babu abinda ake jira ki tuna. Ashana mai suna Implanon tana shekara 3, mai suna Jadelle shekara 5, robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, kuma duk ranar da kuka so haihuwa sai a cire, ciki yana iya shiga ba da daɗewa ba. Ashana ana iya sa miki tun kafin a sallame ki daga asibiti kuma ba ta hana shayarwa. Robar mahaifa ana sawa cikin awa 48 da haihuwa, in an wuce sai bayan sati 4.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, kowacce da nata. Ashana tana rikita al'ada, wata ta riƙa ganin ɗigo ɗigo, wata ta ɗauke mata gaba ɗaya, wata kuma jinin ya daɗe, kuma wannan ne yake sa mata da yawa zuwa a cire. Ba alamar jini yana taruwa a ciki ba ne, kuma akwai maganin da ake bayarwa in ya dame ki. Robar jan ƙarfe tana iya ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara musamman a watannin farko, ke da kike da tarihin ƙarancin jini sai an duba wannan da kyau. Allura kuma in an daina tana iya ɗaukar watanni kafin ciki ya samu, har kusan shekara ga wasu, ba ta kashe mahaifa kamar yadda ake yaɗawa amma tana da jinkiri. Ga waɗanda kuskure ya faru kuma suka farga da wuri, akwai ƙwayar gaggawa irin Postinor-2 da ake sha cikin awa 72, gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta, sai dai ba a mayar da ita abin kullum, kuma ba ta yin komai ga cikin da ya riga ya shiga. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, duk da wani wurin za a ce ki sayi kati ko safar hannu, wani lokacin kuma a ce kayan sun ƙare sai an kawo. Dan haka ki tambaya tun kina zuwa awo ko suna da ashana a ƙasa, in babu su faɗa miki inda za ki samu.

In kin je awon ki rubuto min nawa suka ce jininki yake, da abinda likita ya ce game da nonon, da yadda kuka ƙare da Abban yara. Ina jiran saƙonki. Allah ya raba ku lafiya, ya ba yaron lafiya mai ɗorewa.